Yayana da Ƙadangaren Sito

Shekara ashirin da bakwai yayana yana riƙe da makullan sito, har sunansa ya ɓace, kowa Baba Makulli yake ce masa. Tsohon siton ɗaki ɗaya ne dogo, rufin kwano. Yaya ba ya duba takarda. Direba zai leƙo ya ce, "Baba, ina kwalayen fitila?" Sai ya ce, "Layi na huɗu, bayan sabulu." Haka kuwa za a tarar. Kwalin da ya lalace kuma juya fuskarsa yake yi ga bango, kowa ya san ba a ɗauka.

Da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Yaya ne ya samo mini aikin shara a wurin. Don haka da idona na gani.

Aka rushe siton, aka ɗaga sabo hawa biyar. Ba taga, ba fitila a sama, matakala ɗaya ce siririya ta masu gyara. Ba don mutum aka gina shi ba. Wani inji ne ke bin dogon ƙarfe, ya haye sama da kwali ya sauko da wani, yana karanta takardar da ke fuskar kowanne. Direbobi suka sa masa Ƙadangare. Yanzu allo suke dannawa, su wuce Yaya da "sannu Baba" kawai. Shi an ajiye shi a ƙasa, yana jera kaya a kan bel ɗin da ke miƙa wa injin.

"Kin ga sanyin da suka sa masa?" ya ce mini ran nan. "Ni shekara nawa ina gasuwa a ƙarƙashin kwano, ko fanka babu. Har ido ake goge masa da ƙyalle mai laushi. Abin da ko sallama bai iya amsawa ba."

Na ce, "Yaya, ƙarfe ne fa."

"Ƙarfen ake tambaya."

Wata safiya kwalin kofuna ya zo a fashe. Hannun Yaya ya yi abin da ya saba, ya juya shi. Ƙadangare ya zo, bai ga takarda ba, ya tsaya cak yana ƙara. Injiniya ya rasa gane abin, sai ga shi yana kira, "Baba Makulli, zo ka duba mana." Yadda Yaya ya taka zuwa wurin, rabon da in ga wannan tafiyar tun tsohon sito.

Bayan kwana uku injin ya sake tsayawa. Sai kuma jibinsa. Ni mai shara, ƙasa nake kallo, na ga kwalayen da ake juyawa lafiyarsu ƙalau. Na kuma ji manaja yana ce wa injiniya in aka gano mai yi, ranar zai bar aiki.

Ban iya yi wa babba faɗa ba. Na yi ta addu'a, sannan na koma bin bel ɗin da tsintsiyata. Duk kwalin da Yaya ya juya, in bi baya in mayar da fuskarsa. Sati guda Ƙadangare bai tsaya ba, ba wanda ya kira Yaya.

Aikinsa yana nan har yau. Amma ranar da ya kama ni hannuna a kan kwali, ya daɗe yana kallona, sannan a hankali ya ce, "Auta, ke ma kin koma bayansa."