Malam Jelani Mai Kafireto na Jega Firchin

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malam Jelani a shekarar 1934 a garin Dangamaji ta ƙasar Jega. Mahaifinsa Malam Jibrilla manomi ne kuma ladanin unguwarsu, sunan mahaifiyarsa Altine. Ya yi karatun allo a gaban mahaifinsa har ya sauke, kuma tun a lokacin aka shaide shi da kaifin ji, domin ko ɗalibai na rera karatu baki ɗaya yakan tsamo wanda ya yi tuntuɓe. Mahaifinsa ya yi burin ya gaje shi a ladanci, amma Allah bai ba Jelani murya ba, kunne ya ba shi.

Koyon sana'a

A shekarar 1951 ya bi motar gyaɗa zuwa Gusau, inda ya zauna a garejin wani makanike har ya ƙware a kan kafireto, wato ɗan akwatin ƙarfen da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. A 1960 ya dawo ya kafa rumfarsa a Jega Firchin, jikin katangar gidansa.

Ƙa'idarsa ita ce ya kwance kafireto gaba ɗaya a kan faranti, ya wanke kowane ɗan ƙarfe da fetur, ya busa ƙananan kafofin mai da bakinsa, don bai yarda a zura musu waya ta buɗa su ba, ya yanka sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo, ya duba allurar da ke tsai da mai, sannan ya mayar da komai mazauninsa. Daga nan sai ya tada mota, ya karkata kai, ya dinga juya sukurun iska sannu a hankali har silo, wato kukan inji in mota na tsaye, ya zauna, inji ya bar tari da karkarwa. Ya kuma gindaya wa kansa sharaɗi cewa ba zai ci abinci ba sai silo ya zauna, ko da la'asar za ta riske shi.

Aure da iyali

A 1962 ya auri Balaraba, 'yar Maiyama, kuma Allah ya albarkace su da zuri'a. Ba ta taɓa leƙa rumfa ba, balle ta ga cikin kafireto. Sai dai duk sa'ad da ya ajiye sukudireba, yakan tarar an turo masa kwanon abinci bakin zaure da zafinsa. Malam Jelani ya ɗauki wannan hujja ce ta iya tsarinsa, har yakan yi wa abokai alfahari cewa shi aikinsa daidai da nunar tuwo yake ƙarewa. Babu wanda ya taɓa yi masa gardama, har ita mai tuwon.

Shekarun bunƙasa

Bayan kafa Jihar Sakkwato a 1976 zirga-zirga ta ƙaru, masu dakon albasa na Aliero da direbobin Maiyama suka mai da rumfarsa zango. Babban amininsa a cikinsu shi ne Alhaji Magaji, ɗan kasuwar albasa na Aliero, mai wata Fijo 404 a-kori-kura da ya saya a 1967, wadda kafiretonta bai san hannun kowa ba sai na Jelani. Da wadata ta samu, Alhaji ya sayi sababbin motoci, ya jingine tsohuwar a bayan gida.

Jarrabawa

A bazarar 1985 ciwon sanƙarau ya kwantar da Malam Jelani. Ya tashi, amma jinsa ya tafi, sai an sa masa baki a kunne. Ya ƙi yarda, ya koma bakin aiki, har wata rana ya miƙa wa wani direba mota yana cewa ta zauna, alhali tana ta tari a gaban kowa. A ranar kwano bai fito ba, har ya shiga gida yana mitar an makara da abinci. Labari ya bazu a tasha, motoci suka sauya sheƙa, rumfa ta yi tsit. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin sana'arsa da sunansa duk a kan kunnen suke, har ya fara zancen tattara kayan aiki ya koma noma a Dangamaji.

A 1987 Alhaji Magaji ya sa aka jawo tsohuwar Fijon daga Aliero aka ajiye a rumfar, ya sunkuya ya ce masa a kunne, "Motag ga ba ta san kowa ba sai kai. In ka ce ta mutu, ta mutu." Direbobi suka taru, wasu don tausayi, wasu don abin labari. Malam Jelani ya kwance, ya wanke, ya busa, ya mayar, domin duk wannan aikin ido ne da hannu. Da aka zo kan silo, ya juya sukuru ciki, ya juya waje, ya dafa motar ko tafin hannunsa zai gaya masa abin da kunne ya kasa, amma bai samu yaƙini ba. Yana cikin wannan hali idonsa ya faɗa bakin zaure, ya ga hannu ya turo kwano. Nan take ya tuna ranar da kwanon ya ƙi fitowa, sai ya ɗauke sukudireba daga kan sukurun. A ranar Alhaji Magaji ya tuƙa motarsa har Aliero.

An ruwaito cewa da ya tambayi Balaraba, amsar da ta raɗa masa ita ce, "Shekara nawa ina saurare ta bayan katanga? In mota ta bar tari na san ka ƙare, sai in turo tuwo." Tun daga nan hannunsa na kan sukuru, idonsa na kan zaure. Aiki ya dawo, alfahari kuwa bai dawo ba, kuma direbobi suka riƙa zolayarsa cewa makanikai biyu ne a gidan, babban ne ba a gani.

Rasuwa

Malam Jelani ya rasu a watan Janairun 1991, daidai da Rajab 1411, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Jega. Ya bar matarsa Balaraba da 'ya'ya biyar: Ɗahiru, Atika, Mamman, Rahinatu da Hindu.

Ranar sadakar uku Alhaji Magaji ya zo gaisuwa a cikin tsohuwar Fijon, ya tsaya jikin katanga, ya bar ta a kunne yana gaisawa da jama'a. Silonta na nan daram inda marigayin ya bar shi. Ba a jima ba aka ga hannu ya turo kwanon Malam Jelani bakin zaure, da zafinsa, kuma a cikin mazauna wurin babu wanda ya iya tashi ya ɗauka. Allah ya jiƙansa da rahama.