Masarar da Baba Ya Binne

Mahaifina, Halliru na Lafani, bai taɓa jiran ruwa kafin ya yi shuka ba. Shekara arba'in yana binne. Sai ya zuba gero a busasshen rairayi, ya rufe, ya koma gida, kuma duk ranar da ruwan farko ya sauka gonarsa ce ke riga ta kowa tsiro. Da wannan aka san shi, yana kuma ji da abin fiye da kima. Ni Iklima, 'yarsa ta fari, na gaji taurin kansa, shi ya sa ba ma daɗewa a kan tabarma ɗaya.

Akwai wani kwari a bakin hanyar Illela da suka gada, shi da ƙanensa, Baba Muktar. Nan yake sa masara. Shekara uku a jere tana fitowa a tsumbure, ganyenta ja kamar karan yakuwa, takin zamani na sufa kuwa ya fi ƙarfinsa. Baba Muktar ya matsa a sayar wa masu gina ɗakunan ajiyar kaya. Magana ta kai gaban dattawa. Mahaifina ya ce a ba shi damina ɗaya, in masarar ba ta yi ba zai sa hannu.

Wani malamin gona, Faruk, ya kawo masa baƙin gari a leda. Ya ce abincin da masarar ke nema, fosfaras, yana nan cikin ƙasa amma a daskare. Garin nan cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke narkar da shi saiwa ta sha.

"Masu rai ne, Baba," in ji Faruk. "A ajiye su a inuwa. A shafa wa iri, amma sai ƙasa ta jiƙa a shuka."

Rabin farko na maganar ya shiga kunnen Baba sosai. Ya naɗe ledar da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a gindin randa, kullum da safe yana sake jiƙawa. Rabi na biyun ne ya ƙi. Ranar da na gan shi yana cakuɗa iri da garin, sama ko ɗigon gajimare babu, na yi magana.

"Baba, cewa anka yi sai an yi ruwa."

"Mi kika sani? Hatsi ma rai garai, kuma yana jira cikin ƙasa."

Ya binne. Ruwa ya yi kwana goma sha shida bai zo ba, rairayin ya ɗau zafi, ko da takalmi sai ka yi sauri. Da aka yi ruwan, rabin masarar ta tsiro, ja kamar ta bara. Ya ɗebo garin daga gindin randa, ya shafa wa ragowar iri, ya cike guraben da ba su fito ba. Waɗannan 'yan tsirarun ne suka tashi kore shar, suka kere sauran, suka yi goyo.

Na same shi tsaye a tsakaninsu, yana shafa ganye ɗaya. Na so in ce masa ai na faɗa maka. Tausayinsa ya kama ni, da haushinsa duk a tare.

"Baba, ka kai dattawa su gani. Za su ƙara maka shekara."

"Cewa niy yi in masara ta yi. Ta yi?"

Ba ta yi ba. Abin da aka cire bai cika buhu ba. Bayan kaka ya dangwala yatsa a takarda, kafin wata ya ƙare tifa ta fara zuba tsakuwa a kwarin. Yanzu in za shi kasuwar Illela ran Lahadi, hanyar baya yake bi.

Sauran garin yana nan a gindin randa. Na tambayi Faruk, ya ce halittun sun daɗe da mutuwa. Ban faɗa wa Baba ba. Jiya ma da safe na gan shi durƙushe, yana jiƙa tsumman.