Audugar Malam Dabo

Kafin Malam Dabo ya yi alwalar asuba, sai matarsa Hapsatu ta ɗumama masa ruwa a kasko. Yatsunsa kan wayi gari a sandare kamar ƙirare, sai ya tsoma su ya yi ta murzawa har su yarda su lanƙwasa. Bayan salla ya shafa wani baƙin mai mai warin kwalta a gwiwar hannu da ƙeya, ya haɗiyi asfirin biyu, ya ɗaure akwatin magani a bayan keke, ya kama hanya.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana zagaya ƙauyukan ƙasar Gwaram yana rabon ƙwayar maganin kuturta, tun kafin a sauke tutar Turawa. Kowace Talata yana gindin tsamiya a Zandam. Ya kira suna, ya sa ƙwaya a baki, ya tsaya sai ya ga an haɗiye, domin wanda ya yanke shan ta cutar kan dawo ta ci yatsunsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na tabbata ba za a buga masa ko kwalin yabo ba. To bari a faɗa a takarda.

Shekara uku da suka wuce wani ɓawo mai launin toka ya fito masa a gwiwar hannu, ya hau fatar kai. Farcensa suka yi ramuka, yatsa biyu suka kumbura suntum kamar rogo. Gari bai jira likita ba, ya yanke hukunci: mai wasa da kutare ya kwaso. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa ta gefensa. A zauren da suke cin tuwo tare da maƙwabta aka ware masa kwano.

Duk wannan bai ƙona masa rai kamar abin da ya gani a gindin tsamiya ba. Mutum sittin da huɗu ne ke zuwa, suka koma goma sha ɗaya. Sauran suka ce in ƙwayar ba ta tsare mai rabon ta ba, wa za ta warkar? Ya san kowannensu da sunansa, ya kuma san abin da hannayensu za su zama nan da damina biyu.

Wata Talata sai ya aika aka kira mai unguwa da jama'a. Ya fito da ɗan ƙullin audugar da yake gwada marasa lafiya da ita. Ka'idar kowa ya san ta: a rufe wa mutum ido, a shafi tabon da auduga, in bai ji ba to fatar ta mutu, alamar kuturta ke nan. Sai dai mutum ba ya gwada kansa. Ya miƙa audugar ya ce, "Wa zai taɓa ni?"

Mai unguwa ya hau duban takalmansa. Wani ɗan boko irinmu, mai satifiket, wanda ke koya wa yara tsabta a allo, ya tura hannayensa aljihu.

Sai Sabo mai jaki ya taso. Shi cutar ta cinye masa yatsu tun kafin ƙwaya ta iso ƙasar. Ya ce, "Kawo, Malam. Ni da na riga na jiƙe, yayyafi zan guda?"

Ya maƙale audugar tsakanin dungulmin hannayensa. Malam Dabo ya janyo hula ya rufe ido. Sabo ya shafi gwiwar hannu, Malam ya nuna wurin. Ya shafi ƙeya, ya nuna. Sai Sabo ya ɗage hannu sama, ya kashe wa jama'a ido ya ce, "To yanzu ina na taɓa?"

"Ba ka taɓa ko'ina ba, ja'iri."

"Ai haka kake mana, Malam. Yau ranar ramuwa ce!"

Wuri ya ɗauki dariya. Malam Dabo ya gyara hula ya ce, "Kun ga ina ji. Amma auduga shaida ce, ba alƙali ba. Zan je asibiti a tsaga kunnena a duba. In kuturtar ce, Talata mai zuwa ku same ni a layi bayan Sabo, in haɗiyi tawa a gabanku."

Daga asibitin Birnin Kudu aka tura shi Kano. Aka tsaga fatar kunne aka duba, babu ƙwayar cutar kuturta. Likita ya kankare ɓawon, ya duba farce, ya ɗauki hoton ƙashi, sannan ya ce wannan amosanin gaɓɓai ne mai tafiya tare da ciwon fata, su suna kiran sa soriyasis. Ba a ɗauka, ba a ba wa wani, amma ba ya warkewa. Sai lallaɓawa har ƙarshen rayuwa.

Malam Dabo ya ce, "Alhamdu lillahi," har da murmushi.

Likita ya ce, "Malam, ka ji na ce ba ya warkewa?"

"Na ji, likita. Waccan tana warkewa, amma da mutanena sun gan ta a jikina ba za su sake yarda da magani ba. Wannan kuwa ni kaɗai zai ci."

Ya dawo ya karanta takardar likita a gindin tsamiya. Mako na gaba mutum talatin suka zo, bayan wata biyu aka kai saba'in da ɗaya, har da waɗanda suka daɗe suna ɓoye tabo a ƙarƙashin riga. Ranar da maƙwabta suka aiko a ce ya dawo akushi ɗaya da su, Hapsatu ta tambayi ɗan aiken, "Shi ma kwanon an kai shi Kano ne?" Malam ya ce ta yi haƙuri, ya je ya ci.

Tun daga nan tare yake zaune da ciwonsa kamar maƙwabcin da ba ya tashi. Wata rana ya lafa har ya yi noma kaɗan, lokacin sanyi kuwa sai ya yi salla a zaune. Ba ya iya matse birki, da ƙafa yake tsayar da keke. Murfin kwalba in ya gagare shi, sai ya miƙa wa na farkon layi ya ce, "Buɗe mana, yau kai ne likita." A shekara ukun nan Talata biyu kacal ya rasa.

Malam Dabo, kai ne ka tsaya a gaban gari ka ba da jikinka a gwada, ba don ka wanke sunanka ba, don kada yatsun wasu su zube. Mun gode. Allah ya sassauta maka, ya saka wa Hapsatu.

Mu kuwa ya kamata mu ji kunya. Ana ta kirarin arzikin fetur, ofisoshi na tashi, motoci na sheƙi, amma mai ciwon gaɓɓai yana tuƙa keke cikin yashi ba wanda ya ce ga babur. Samari biyu aka tura su gaje shi, duk suka nemi canji tun ba su ga tsamiyar ba. An tambaye shi yadda za a yi bayan ƙarshen wata, ya ce, "In ba a sami kowa ba zan zo. Takardar ritaya ba ta hana mutum zama gindin bishiya."

Zai zo kuwa, kowa ya san shi. Ya rage namu, masu lafiyayyun yatsu goma, ko za mu bar shi ya zo shi kaɗai.