Liti da Sabulun Jirgi

Liti ɗan Gwangwan ne, kamar ni. Gidansu yana kallon namu, gonar gyaɗarsu kuma ta yi iyaka da tamu, don haka ba zan iya cewa ga ranar da muka fara abota ba. Ya girme ni da kaɗan, ya kuma fi ni baki nesa ba kusa ba. Sunana Daudu, amma tun muna yara Dogo yake ce mini, saboda ni gajere ne. Allah ya yi masa rasuwa a farkon damanar bana, ni kuma ina so mutane su san abin da ya yi mini.

Zamanin yaƙin Turawa, lokacin da ake ɗibar samari soja zuwa Bama, jiragen sama suka yawaita a Kano. Liti yana cikin mutanen yankinmu na farko da suka je cin rani filin jirgi. Da an cire gyaɗa an kai sikeli sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A shekarar da na auri Mairama gyaɗata ba ta yi ba, hatsin rumbu kuma ba zai kai mu kaka ba. Sai Liti ya ce in bi shi.

"Taho, Dogo, ka ga tsuntsun da ba ya cin gero."

Jiragen suna isowa da ƙyallaye manne a jikinsu, a bakin tagogi da mahaɗar fiffike, duk inda ake tsoron ruwa ko yashi ya shiga. An manne su da wani danƙo mai taurin kai. Aikinmu, a cikin wata babbar rumfar kwano, shi ne mu ɓamɓare tsohon ƙyallen mu goge danƙon tas, kafin makanikai su manna sabo. Ana ba mu wani ruwa a duro, garau kamar na rijiya, mai wani ƙamshi da yake hawa ka. In ya taɓa fata sai ka ji sanyi, kafin ka duba ya bushe. Danƙo kuwa narkewa yake yi a gabansa. Leburori suka sa masa suna sabulun jirgi.

Baturen rumfar ya sa tafinta ya gaya mana a ɗaura tsumma a kan sanda, kada a sa hannu, a kuma bar ƙofa a buɗe. Muka ce to. Amma duk yadda ka yi sai danƙon ya kama yatsu ya hau har gwiwar hannu. In azahar ta yi ka zuba ruwan buta, sai ka ga yana zamewa a kan danƙon bai taɓa fata ba. Kowa a cikinmu ya sani tun yana makarantar allo cewa in aka bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba, alwala ba ta yi ba. Sai mutane suka sami hanya. Da Bature ya tafi cin abinci sai a jeru a bakin duro, kowa ya tsoma hannuwa har gwiwa, wani ma ya shafa a gemu da goshi, sannan a koma ga buta. Haka azahar, haka la'asar, haka in an tashi aiki. Ba wanda ya ga laifin abin. Tsarki muke nema.

Tun zuwana na lura Liti ba shi ne wanda na sani ba. Mutumin da a gida sai an ƙara masa tuwo, yanzu loma kaɗan yake yi ya ture akushi. Fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage kamar faso. In na tambaya sai ya ce matan birni ne ba su iya miya ba.

Ban daɗe ba ni ma na fara jin kaina yana sarawa. Wata rana muna sallar azahar, na sunkuya ruku'u sai ƙasa ta juya, na tafi luu sai da Liti ya tare ni da kafaɗa. Washegari ya zo da kwalbar man gyaɗa da toka ƙulle a tsumma. Da lokacin salla ya yi ya ja ni bayan rumfa, ya zaunar da ni, ya kama hannuna yana murza mai da toka a hankali har danƙon ya fara mirginewa. Abin yana cin lokaci. Har sauran suka idar ba mu gama ba.

Wani ya leƙo ya ce, "Liti, amarya ka samu kake yi mata lalle?"

"Amarya ce," in ji shi. "Gajeruwa, ga taurin kai. Miƙo ɗayan, Dogo."

Daga ranar bai bar ni na kusanci duron ba.

Ana nan sai helmanmu, wato shugaban leburori, wani mutum mai suna Hammawa, ya ce ana neman ƙaramin jiki da zai riƙa shiga cikin wutsiyar jirgi yana goge danƙo daga ciki. Wurin matsattse ne, ba iska, sai kai da gwangwanin sabulun jirgi a gaban hancinka. Amma ladan ya fi na waje. Helma ya nuna ni. Na yi murna, har na fara tuɓe riga.

Sai na ji muryar Liti. "Helma, wannan? Hannunsa rawa yake yi. Jiya saura kaɗan ya huda fiffike da wuƙa, ni na riƙe shi. In ya shiga can ya yanke wata igiya, da kai za a yi shari'a. Kai shi yankan ciyawa, can ya dace. Ni in shiga, ai ka ga yadda na rame."

Aka yi ta dariya. Ban taɓa huda kome ba. Amma kafin in buɗe baki an miƙo mini lauje, an nuna mini gefen fili inda rana take dukan ciyawa.

Da yamma a hanyar masauki na tare shi. Na ce, "Ka kunyata ni a gaban mutane, Liti. Ka yi mini ƙarya."

"Na yi. Allah ya yafe mini ita." Ya tsaya, ya sa yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa. "Dubi nan."

Na duba. Farin idon ya koma rawaya.

Ya ce, "Ka tuna Bappa na Zoza? Shi ne mai shiga wutsiya bara. Haka nasa ya fara. Bai ga girbi ba. Ni ban san sunan ciwon ba, amma na san daga duron nan yake. Ni na ɗauko ka, Dogo. Na ce wa Mairama zan mayar mata da kai yadda na karɓe ka."

"To mu tafi gida gobe, mu biyu."

"Ku ci me har kaka? In kuma na ƙi shiga, kai za a sa. Ni na riga na sha rabona, kai ba ka fara ba. Yi ciyawarka. Ruwa na sauka mu kama hanya."

Na roƙe shi, na yi fushi, na sake roƙo. Bai sauya ba. Abin da kawai ya yarda da shi shi ne ya riƙa ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, yana fitowa shan iska a kai a kai. Wani lokaci yakan fito yana tangaɗi kamar wanda ya yi maye. Sai in jefar da lauje in zo in zaunar da shi a inuwa, in dama masa fura. Haka muka ƙarasa ranin, shi a ciki, ni a waje ina shaƙar iskar Allah.

Ruwan farko na sauka muka dawo Gwangwan. Bai sake komawa ba, bai kuma bar ni na koma ba. Ƙarfinsa dai bai dawo ba. Kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya dogara da fartanya yana haki. Na ɗora shi a jaki na kai shi Karaye, inda malamin asibiti ya danna cikinsa, ya tambayi aikin da ya yi, sannan ya ce hanta ce ta taɓu. Da muka fito Liti ya ce tunda mun zo, in kai shi zauren Malam Ɗantala, wani tsohon malami da ake zuwa wa da tambayoyi. Bayan gaisuwa ya zayyana masa labarin danƙo da alwala.

Malam ya ce, "Ku cire abin da ya ciru da abin da ba ya cutarwa. Wanda ba zai fita ba sai da cutar da jiki, Allah bai ɗora muku ba. Sallarku ta yi."

A hanyar gida Liti ya yi ta dariya a kan jaki, ni kuwa hawaye nake yi. Ya ce, "Ashe tambaya ce kawai ba mu yi ba."

Daga nan ya kama sana'ar sayar da man gyaɗar da matarsa Sabuwa take matsewa. Kowace ranar kasuwar Rogo yana zaune a bayan kwalabensa. In ya ji wani zai tafi aikin filin jirgi, ko na Fulatan ne ko na Zoza, sai ya kira shi ya nuna masa idanunsa, ya gaya masa abin da Malam ya ce, ya kuma cusa masa ƙaramar kwalba a aljihu kyauta. Wasu sun ji, wasu sun ce surutun Liti ne. Sabuwa takan ce da shi zai ƙarar da mai a sadaka, shi kuma ya ce ai ita ce mai ladan.

Ya yi shekaru a haka, fiye da yadda malamin asibiti ya zata. Ya ga 'ya'yana sun tasa, shi ya yi wa na farin huɗuba. A ƙarshe cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka yi nauyi, ya kwanta.

Ranar da zai rasu na je da hantsi, ya ce yana so a fitar da shi tsakar gida ya ga hadari. Sabuwa ta tashi za ta kira maƙwabta, ya ce a'a, Dogo zai iya. Na sa hannu na ɗauke shi ni kaɗai, na kai shi gindin bango na kwantar. Ya daɗe yana kallona.

"Ko haki ba ka yi ba," in ji shi. "Alhamdulillahi. Gaya wa Mairama na cika alkawari."

Bayan la'asar ya cika. Allah ya yafe masa, ya saka masa da abin da ni ba zan iya saka masa ba. Gonarsa na fara yi wa huɗa bana kafin tawa, gyaɗar kuma ta fito da kyau.