Yadda Mama Ta Buɗe Bakin Yaya Shiru

Yayana ya kai shekara talatin da biyu, amma in aka tara maganar da ya yi tun haihuwa ba za ta cika wuni guda ba. Shi ya sa muke ce masa Yaya Shiru. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta a wani ɗan ofis mai tebur uku, burinsa kuwa katafaren kamfanin fasahar nan mai hawa ashirin da ake hangowa daga tagar ɗakin ɗinkin Mama.

Sau biyu suna kiransa intabiyu, sau biyu yana dawowa hannu rabbana. Ba don bai iya ba. Tsarinsu shi ne a ba ka matsala a allo, kana warwarewa kana faɗin abin da ke ranka. Shi kuwa sai ya juya musu ƙeya, ya gama cikin minti goma, ya ajiye alƙalami. Suka rubuto cewa amsarsa daidai ce, amma ba su san yadda za su yi aiki da wanda ba a jin tunaninsa ba. Kira na uku shi ne na ƙarshe.

Mama ta ce, "Kawo allon naka nan. Ni za ka yi wa bayani."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Matar da ko saƙon waya ni nake karanta mata? Amma kullum da yamma sai ya tsaya gaban kekenta, tana ɗinki yana in'ina. Da ya yi shiru sai ta tsayar da keken, ta leƙo ta saman tabarau.

"Don me ka bi ta nan, ba ta can ba?"

Tambayarta ke nan guda ɗaya, wata huɗu cur.

Ranar intabiyun ni na raka shi. Ƙofofi na buɗe kansu, ɗaruruwan mutane na aiki amma ba ka jin komai sai ƙarar madannai. Aka zaunar da ni inda nake hango shi ta bangon gilashi, shi da wata injiniya mai furfura. Ya juya mata baya kamar yadda ya saba. Sai na ga ya tsaya, ya zaro tef ɗin awon Mama daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya fuskanci tef ɗin.

Ba na jin komai, amma na ga bakinsa. Minti arba'in bai rufu ba. Yana zane, yana gogewa, har da dariya. Ita injiniyar ce ta nuna masa agogo. Wallahi tsikar jikina ta tashi, kamar ban taɓa sanin mutumin ba.

Bayan mako biyu suka ɗauke shi. Ya durƙusa gaban keken, ya miƙa wa Mama tef ɗinta.

"Mama, ashe duk kina gane abin da nake faɗa."

"Ni? Ko kalma ɗaya ban gane ba."

"To me ya sa kika yi ta tambaya?"

Ta ci gaba da neman kafar allura, ba ta ɗago ba.

"Shekara talatin ina jiran in ji muryarka a gidan nan. Da na samu, sai in bari ka yi shiru?"