Hanyar Inna zuwa gindin ceɗiya

Lokacin da aka kai ni gidan miji a Dangora, Turawa ba su tafi ba tukuna. Gidan gandu ne, kowane ɗa da sashensa, a tsakiya kuma ga fili na kowa da kowa, inda ake daka, ake shanya, ake hira a gindin ceɗiya. Uwar mijina, Inna muke ce mata, idonta ya riga ya tafi, amma sai an gaya maka. Ƙafarta ta san filin nan sarai: ga tudun toka, ga kwarin da ruwa ya ci, ga kututturen da take dafawa ta juya.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, sai mazan gidan suka ce bari su gyara wa Inna fili. Suka tone kututture, suka cike kwari, mu mata muka yi daɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har yana sheƙi. Aka kamo hannunta a nuna mata. Ta taka, ta tsaya, ta shafa ƙasa da tafin ƙafa.

"Ina kuka kawo ni?"

"Gidanki ne, Inna," in ji maigidana.

"Gidana da ƙuraje na san shi. Wannan ai faranti ne."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar ta daina fitowa, ko alwala sai a bakin ɗaki. In na kai mata tuwo, rabi ke dawowa.

Da abin ya yi yawa, wan maigidana ya je ya durƙusa a ƙofarta.

"Inna, mun yi ɓarna. Yaya kike so a yi?"

"Yanzu kuka tuna ina da baki? Ku sa min abin da hannu zai bi, da abin da hanci zai ji."

Tana zaune a kan tabarma tana faɗa, ƙattai suna aiki. Aka kafa ɗan gajeren darni na kara daga ɗakinta zuwa ceɗiya, aka dasa lalle a jikinsa don ya gaje shi. Inda za ta juya aka ajiye ɗoɗɗoya mai ƙamshi a fasasshiyar tukunya. Kusa da rijiya aka zuba tsakuwa, ƙafa ta ji ta kauce. Maigidana ya so ya miƙe darnin, ta ce, "Lanƙwasa shi ta wajen turmi, ina so in ji gulmar matanku."

Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai na ji kara yana motsi. Inna ce, ita kaɗai, hannu a kan darni. Na yunƙura, matar wan maigidana ta riƙe min zane. Inna ta murza ganyen ɗoɗɗoya, ta sansana, ta juya, har ta dafa ceɗiya ta zauna.

"Amarya, na ji numfashinki," in ji ta. "Daina kallona, kawo min auduga da mazarina."