Dutsenmu Da Bai Kashe Kowa Ba

Ko zan manta komai na yarintata, ba zan manta ranar da aka nuna mini cewa dutsen da na gani da idona yana aman wuta ba na gaskiya ba ne.

Ba mu daɗe da zuwa Greensboro, wani gari a ƙasar Turawa, ba a lokacin. Muna zaune a gidan haya a unguwar Wendover, Baba yana aiki a wani ƙaton sito, ni kuma ina aji biyar da Turancin da bai gama nuna ba. Ƙawa ko ɗaya ba ni da ita. Wata rana malamarmu tana darasi a kan duwatsu masu aman wuta, sai ta tambaya, kamar da wasa, ko akwai wanda ya taɓa gani. Na ɗaga hannu. A Limbe ta Kamaru aka haife ni, gindin irin wannan dutse. Murna ta kama malamar, ta ce ran Juma'a ni zan ba da labari, har ajin kusa da mu za ta gayyato. Kwanakin nan na zama 'yar gata, har wuri ake ba ni a bas.

Na tambayi Baba me zan ce. Ya ce, "Abin da kika gani mana. Ko akwai wani?"

Ran Juma'a na tsaya gaban aji na faɗi abin da na gani. Na ce da labari ya zo cewa wutar ta gangaro har ta kusa cin titi, Baba ya ɗauki shatar mota ya kai mu kallo. Muka tarar da wani baƙin tudu kamar an jibge gawayin duniya, ya fi gida tsawo, yana tafiyar da tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta wuce shi. Ƙararsa kamar ana fasa tangaran. In dunƙule ya faɗo, sai ka ga cikinsa ja wur, zafi ya mare ka a fuska. Ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mata sun kafa kasuwa a gefe suna gasa agada, wani mutum ya kunna sigarinsa a jikin dutsen, aka yi masa tafi.

Wani yaro ya ɗaga hannu: "Mutum nawa suka mutu?"

Na ce ban ji an ce kowa ya mutu ba.

"Amma kun gudu, ko?"

"A'a, zuwa muka yi."

"Gidanku fa, ya ƙone?"

Na ce yana nan, kawuna ne a ciki. Wallahi sai na ji kamar in ba su haƙuri. Ita ma malamar murmushinta ya ɗan yi sanyi, ta ce ta gode, na yi ƙoƙari.

Daga nan wani yaro ya fito da wani dutsen da ya haɗa da kwali, ya zuba garin soda da jan kala, ya tsiyaya ruwan khal. Kumfa ya tumbatso ya jiƙe tebur. Ajin nan ya ɗauki ihu, wasu har hawa kujera. Da aka tashi, wata yarinya ta dafa ni cikin tausayi ta ce, "Kar ki damu, wata rana za ki ga na gaske."

Da kuka na isa gida. Mama ta gama ji, ta yi dariya har ta ajiye ludayi. "Ke ma dai! Da kin ce musu mun gudu ba takalmi, ni da goyo, ai da yanzu an haɗa mana gudummawa."

Baba bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Kin ƙara wani abu a kai?" Na ce a'a. Ya ce to in je in ci abinci.

Abin da na koya shi ne, mutane da yawa in sun ce ka ba su labarin inda ka fito, sun riga sun rubuta shi a ransu, kai dai muryarka suke son ara. In babu gawa a ciki, sai su ga ka cuce su. Ni kuwa har yau in an tambaye ni, yadda ya faru nake faɗa, wanda ya ji bai ƙoshi ba ya nemi kwali.